DARASI: TSADAR KATAKO DA RUFIN ƊAKUNANMU

Wannan darasi na taron ƙungiya ne. Sai magatakarda ya karanta shi da ƙarfi, sannu a hankali, ya dakata a ƙarshen kowane kashi domin jama'a su tofa albarkacin bakinsu. In akwai kafinta ko magini a cikinku, ku ba shi wurin zama a gaba, gama yau za ku bukace shi.

MANUFAR DARASI

Mu gane dalilin da ya sa katako ke ta hawa, mu koyi lissafin rufi kafin mu soma gini, mu kuma shirya yadda ƙungiyarmu za ta sami itacen gini na kanta.

1. BANGO A TSAYE, BABU RUFI

Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga wannan abu. Mutum ya buga bulo da rani, shi da 'ya'yansa, ya ta da bango har ya kai wuyan ɗaki. Sa'anda ya je kasuwar katako sai ya tarar kuɗin da ya tanada ba za su kai rabin rufin ba. Ya dawo gida ya ce sai baɗi. Damina ta sauka a kan bangon ƙasa wanda ba shi da hula, kafin kaka rabinsa ya zube. Haka wahalar rani guda ta tafi a banza.

Ƙungiyoyi ma ba su tsira ba. Akwai ɗakunan ajiyar hatsi, da azuzuwan makaranta, da ɗakunan shan magani, da majami'u da suka yi shekaru suna jiran rufi. Ƙungiyar da ba ta da ɗakin ajiya kuwa tilas ta sayar da hatsinta da kaka, lokacin da ba shi da daraja. Watau tsadar katako tana cin manomi sau biyu: a wurin gini, da kuma a kasuwar hatsi.

Ƙasa da ruwa da ƙarfin jiki muna da su. Abin da ke cin kuɗi a ginin ƙauye shi ne abin da ke sama: katako, da kwano, da ƙusa, sai ƙofa da taga. Saboda haka in katako ya tashi, ginin talaka ne ya fara tsayawa.

2. ME YA SA KATAKO YA YI TSADA?

Mu kan ɗora laifi a kan mai sayarwa. Amma bari mu bi sawun falanki guda daga daji har zuwa kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko kasuwar Katako ta Jos, mu ga inda kuɗin ke ƙaruwa.

Na fari, dajin yana ƙarewa. Yawancin katako mai kyau daga kurmin kudu ya ke zuwa, daga jihohin Edo da Ondo da Ogun da Kuros Riba. A zamanin Turawa garin Sapele yana da ɗaya daga cikin manyan masana'antun katako na Afirka, ana loda wa jiragen ruwa zuwa Ingila. An yi ta sara fiye da yadda ake dasawa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2010, ta ƙiyasta Nijeriya na rasa daji wajen hekta 410,000 kowace shekara. Jihar Kuros Riba, wadda ta fi sauran ragowar kurmi, ta hana saran itace a 2008, ba ta ɗage hanin ba sai 2023. Yau mai sara sai ya yi nisa cikin daji kafin ya sami itacen da ya isa yanka, kowane mil kuwa kuɗi ne.

Mu ma a arewa mun ga irin wannan da idonmu. Cikin shekarun 2010 aka yi ta saran madobiya a jihar Taraba da maƙwabtanta, ana kai ta ƙasar Sin. 'Yan kasuwa suna ce mata madirid. A 2016 aka sa ta cikin itatuwan da ƙasashen duniya ke tsare cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Amma kafin nan duwatsu da yawa sun riga sun zama sanƙo.

Na biyu, mai. Injin sara da fetur ya ke aiki. Injin tsaga katako da babbar motar da za ta kawo shi arewa kuma da man gas. Man gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022. A ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A kan wannan kuma sai a ƙara kuɗin da ake karɓa a shingaye a hanya.

Na uku, darajar naira. Injin sara, da sarƙarsa, da haƙoran zarto, da kayan gyaran mota, duk daga waje ake sayo su. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta wuce naira 1,500.

Na huɗu, rashin tsaro. Akwai dazuzzukan da masu sara ba sa iya shiga, da hanyoyin da direbobi ke tsoron bi.

Na biyar, mu kanmu mun ƙaru. Kowane saurayi da zai yi aure yana son ɗakin kwano, ba na jinka ba. Masu nema sun yi yawa, itace ya ragu.

3. ZA YA SAUKO NE?

Waɗansu suna cewa mu yi haƙuri, farashi zai sauko. Bari mu duba abin da ya faru a Amurka, inda yawancin gidaje da katako ake gina su tun daga ƙasa har sama. Sa'anda cutar korona ta zo a 2020, masana'antun katako sun rage aiki, mutane kuwa da suka zauna gida sai suka shiga gyare-gyare da gine-gine. Zuwa Mayun 2021 farashin katako ya ninka fiye da sau huɗu cikin shekara guda. Ƙungiyar masu gina gidaje ta ƙasar ta lissafta cewa wannan ya ƙara wajen dala 36,000 a kan kuɗin sabon gida. Amma zuwa Agustan wannan shekara farashin ya faɗi ƙasa da sulusin yadda ya kai. Ya sake tashi a farkon 2022, ya kuma sake sauka.

Me ya sa nasu ya sauko? Domin itatuwansu suna nan a tsaye. Injuna ne suka tsaya, da suka koma aiki katako ya wadata. Suna noman itace kamar yadda mu ke noman dawa: a sare, a sake dasawa. Namu ciwon dabam ne. Ko mai ya yi sauƙi, ko naira ta farfaɗo, itacen da ya yi shekara 60 yana girma ba zai dawo baɗi ba. Katako amfanin gona ne mai daɗewa kafin ya nuna. Wanda bai shuka ba, sai ya saya yadda mai shi ya ga dama. Wannan ita ce zuciyar darasinmu.

4. ƁARNAR DA TSADA KE JAWOWA

Tsada takan sa mutum ya yi dabarar da za ta cuce shi. Ga guda uku da mu ke gani kullum.

Rage katako. Inda ya kamata a sa ɗaurin rafta shida sai a sa uku, a buɗa tsakaninsu. Guguwar farkon damina ta zo ta yaye rufin, ta jefar da kwanon a gonar maƙwabci. An rasa katako, an rasa kwano, hatsin da ke ciki ya jiƙe.

Sayen katako marar ƙarfi. Katakon rimi yana da araha, amma aikinsa tare kankare ne a wurin zuba linta, ba ɗaukar rufi ba. Gara da ƙwari masu huda itace sukan mai da shi gari cikin 'yan shekaru. Araha ba ta ado.

Sayar da itatuwan gona. Wannan ya fi duka muni. Mai injin sara ya zo ya taya ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya ko mangwaro, maigida ya karɓi kuɗin da za su ƙare cikin mako biyu. Amma ɗorawar nan ita ce ke ba uwargida kalwa kowace shekara, ta yi daddawa, ta sayi gishiri da sabulu da littafin yara. Kada a sayar da irin wannan itace sai an zauna da matan gida an yi lissafin abin da ya ke bayarwa cikin shekara 10.

5. MU YI LISSAFI KAFIN MU SOMA

Bari mu ɗauki ɗakin ajiya mai tsawon ƙafa 20 da faɗin ƙafa 10, mai rufi gefe biyu. Katakon kasuwa tsawonsa ƙafa 12 ne. Mun zaɓi faɗin ƙafa 10 da gangan, domin katako guda ya haye daga bango zuwa bango ba tare da an yi masa haɗi ba. Wannan ita ce dabara ta fari: a auna ɗaki bisa ga tsawon katako.

Ɗaurin rafta, ɗaya a kowace ƙafa 4, ya zama ɗauri 6. Kowane ɗauri yana cin tu-bai-fo 3: ɗaya a kwance, biyu a jingine, guntayen da suka ragu kuma su zama tokara. Jimla 18.

Katakon da ke kwanciya bisa bango, gefe biyu: tu-bai-fo 4.

Katakon da ake buga kwano a kansa, layi 4 a kowane gefe, kowane layi guda 2: tu-bai-tu 16.

Falankin da ke rufe bakin rufi kewaye: guda 7.

Duka ya zama guda 45, ba a sa ƙofa ko taga ko silin ba. A ce kowane guda ya ƙaru da naira 1,000 tsakanin ranar da kuka yi shawara da ranar da kuka je saye. Kun ga an sami giɓin naira 45,000 ke nan.

Yanzu ga inda za a rage ba tare da haɗari ba. In aka ɗaga bangon ƙarshe biyu da bulo har zuwa tsororuwa, bangon da kansa zai ɗauki nauyi, ɗauri 4 sun isa. An tsira da tu-bai-fo 6 cikin 22, fiye da rubu'i. Ɗakin ajiya kuma ba ya bukatar silin. Amma kada a rage ƙusa, kada kuma a manta da ɗaure rufi a jikin bango da waya mai kauri ko ƙarfe, a binne shi layi uku ko huɗu na bulo daga sama.

Muna ba da shawara ku mai da lissafinku zuwa buhu. Ku tambayi farashin yau, ku ga buhun masara nawa rufin zai ci. Manomi da buhu ya ke saye, ba da naira ba. Doka ɗaya kuma mu riƙe: kada a ta da bangon ƙasa sai kayan rufi suna hannu.

6. YADDA ZA MU SAYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum biyar a ƙungiya za su yi rufi bana, su haɗa kuɗi, su aiki mutum biyu tare da kafinta, su ɗauki mota ɗaya. Mai sayen guda 200 yana da bakin ciniki wanda mai sayen guda 20 ba shi da shi.

A saya da rani. Da damina motoci ba sa iya shiga kurmi, katako yakan yi wuya, wanda ake samu kuma ɗanye ne.

A tafi da ma'auni. Da yawa abin da ake kira tu-bai-fo bai cika ba, ƙafa 12 kuma takan zama 11. A duba kowane guda, a ƙi mai tsaga, da mai lanƙwasa, da mai ƙananan ramuka da gari ke fita, gama ƙwaro yana ciki.

A shanya shi daidai. A jera a inuwa bisa duwatsu, nesa da ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane jeri domin iska ta ratsa, a danne saman da abu mai nauyi. Ɗanyen katako in aka buga shi yakan murɗe, ƙusa ta saki.

A shafa magani kafin a buga, musamman bakin da aka yanka da wurin da ya taɓa bango. Waɗansu suna sayen Solignum, waɗansu suna shafa baƙin mai na mota. Kowanne aka ɗauka, a yi aikin a waje, a rufe hannu, a nisanta shi da rijiya da hatsi. Iyayenmu sun saba da Aldrin da Gamalin. An hana su yanzu saboda dafinsu yana daɗewa cikin ƙasa da ruwa da jikin mutum. Ko an kawo muku su a kasuwa, kada ku saya.

Bayan gini, a riƙa duba bango kowane wata. In an ga hanyar gara tana hawa, a kankare ta nan take.

7. HANYOYIN DA BA SU CIN KATAKO DA YAWA

Kakanninmu sun yi soraye da azarar giginya, waɗansu suna tsaye har yau, gama gara ba ta cin azara mai kyau da sauƙi. Azara ɗaya ba ta haye fiye da kamar ƙafa 6 in za ta ɗauki nauyin ƙasa, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin manyan ɗakuna. Amma giginyar ma ta ragu, domin muna sarewa, muna kuma cinye muruci ba mu bar na girma ba.

A Jamhuriyar Nijar, tun wajen 1980, an koya wa magina da yawa gini ba itace: bango da rufi duka na tubalin ƙasa, rufin a lanƙwashe kamar ƙwarya a kife. Irin wannan ya dace da wuraren da ruwan sama ba shi da yawa, kuma yana bukatar gwanin magini da yaɓe a kan kari. A inda ruwa ke da yawa, kamar kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, sai a yi hankali da shi.

Ga ɗakin kaji, da rumfar awaki, da ɗakin girki, sandar turare ko ta dogon yaro ta isa. Sanda mai kauri wadda ba a tsaga ba tana da ƙarfi ƙwarai, ba ta kuma bukatar inji.

8. MU NOMA KATAKONMU

Duk abin da muka faɗa a sama rage zafi ne. Maganin shi ne gonar itace ta ƙungiya. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Dogon yaro baƙo ne, a 1928 aka fara dasa shi a lardin Barno, ga shi yau ya cika arewa. Mutanen tsaunin Mambila suna noman turare, suna sayar da katakonsa har nesa. Gandun dajin Nimbiya a kudancin Kaduna dashe ne na tik da malaina.

Ga itatuwan da za mu duba:

Turare: yana saurin girma, yakan ba da sandar rufi cikin shekara 5 zuwa 7, in an sare kuma ya sake toho. Amma mashayin ruwa ne. Kada a dasa shi kusa da rijiya, ko fadama, ko cikin gonar hatsi.

Malaina: tana son wurin da ruwa ya wadata, takan isa yanka cikin shekara 12 zuwa 15. Awaki suna son ganyenta, sai da shinge.

Dogon yaro: yana jure fari, gara ba ta cika damunsa ba, yana toho bayan sara.

Tik da maɗaci: katako mai daraja, amma sai an yi haƙurin shekara 20 ko fiye.

Giginya: an ce inuwarta na nesa ka sha. Wadda muka shuka yau jikokinmu ne za su yi azara da ita. Mu shuka duk da haka, gama wadda mu ke sara ma wani ne ya bar mana.

In aka dasa da tazarar mita 3 kowane gefe, hekta ɗaya tana ɗaukar itace 1,111. Rubu'in hekta ya ba da wajen 277. Ko sulusinsu ya mutu, saura ya isa rufin ɗakuna da yawa. A shekara biyu na fari ana iya shuka wake ko gyaɗa a tsakani, noman da ake yi wa waken ya amfani dashen. A dasa sa'anda ruwa ya zauna sosai, a share hanyar wuta kewaye kafin hunturu.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar sayen dashe, wadda ake kira sassaben zamani. Wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya soma yaɗa ta tare da manoman Maraɗi a 1983. In ana sassabe, maimakon a datse duk tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassaƙe musu ƙananan rassa. Da yake saiwar ta riga ta kama ƙasa, sukan yi saurin girma. An ƙiyasta an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, manoma suna samun itacen wuta da sandar gini daga gonakinsu.

Kafin a dasa ko ɗaya, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa ko dagaci: filin na wane ne, itatuwan na wane ne, yaya za a raba, in ɗan ƙungiya ya rasu rabonsa ya koma ga wa. Gonar itace takan fi waɗanda suka dasa ta daɗewa, abin da ba a rubuta ba kuwa shi ke raba zumunci. A kuma sanar da malamin daji na ƙaramar hukuma tun da wuri, domin a wurare da yawa sai da izini ake sare itace, ko a gonar mutum ne.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Gine-gine nawa ne a ƙauyenmu ke tsaye babu rufi? Tun yaushe?
2. Buhun masara nawa rufin ɗaki ɗaya ya ci shekara 5 da suka wuce, nawa kuma zai ci bana?
3. Waɗanne itatuwa ne dattawa suka sani a nan waɗanda yanzu babu su?
4. Wa ke da ikon sayar da ɗorawa ko kaɗanyar da ke gonar gida? Ana tambayar mata?
5. Ina filin da ba ya yin hatsi da kyau wanda za mu iya mayar gonar itace?

AIKIN WANNAN WATA

A zaɓi mutum uku, a cikinsu a sa mace ɗaya. Su rubuta sunan duk wanda ke shirin rufi bana da yawan katakon da ya ke bukata. Su je wurin malamin daji su tambayi inda ake samun dashe da kuɗinsa. Su kuma zaga su nemi fili. A taro na gaba su kawo rahoto, ƙungiya ta tsai da ranar haƙa ramuka kafin ruwan fari.

Ku aiko mana da labarin abin da kuka shirya, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da ku. Sai mun sadu a darasi na gaba.